Kano zuwa Jidda: Awa nawa ne a jirgi, kuma me ya sa amsar ke sauyawa?

Duk lokacin da azumi ya ƙarato ko aka fara kiran maniyyata bita, akwai tambayar da ke yawo a zaurukan Soron Ɗinki da sauran unguwannin cikin birnin Kano: daga nan zuwa Saudiyya awa nawa ne a jirgi? Mai tambayar yawanci ɗa ne da zai tura mahaifiyarsa mai ciwon ƙafa, ko matar da ke son sanin lokacin da za ta fara sauraron wayar maigida cewa ya sauka lafiya.

Amsoshin da ake samu ba sa zama ɗaya. Wanda ya sauke farali kafin 2023 zai ce awa huɗu ne da ɗan ɗoriya. Wanda ya tafi a Hajjin 2023 zai ce sun kusa awa bakwai a sama. Ɗan kasuwar da ya saba bi ta Addis Ababa kuwa zai ce a ware yini guda cur, wani lokaci har da kwana.

Dukkansu gaskiya suka faɗa. Nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz na Jidda bai taɓa ƙaruwa ba. Abin da ke sauyawa shi ne lokacin da ake ɗauka kafin a cinye shi, kuma galibin abubuwan da ke tsawaita lokacin a ƙasa suke faruwa: yaƙi, hazo, tsarin jigila da layin tantancewa. Sanin wannan bambanci yana shafar kuɗin kujera, lafiyar tsofaffi, ɗaura harami, har ma da samun aikin Hajjin kansa.

Nisan da ke kan taswira

Idan aka ja zare a kan ƙwallon taswirar duniya daga Kano zuwa Jidda, tsawonsa kimanin kilomita 3,420 ne. Zuwa filin jirgin saman Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina kuwa kimanin kilomita 3,560. Wannan shi ne mafi gajeren layin da jirgi zai iya bi, kuma shi ne adadin da manhajojin lissafin nisa ke nunawa.

Layin ya kusa yin daidai da alƙiblar Kano. Mai salla a Babban Masallacin Juma'a na cikin birni yana fuskantar gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, kimanin digiri 68 daga arewa, kuma kusan nan jirgin Jidda ke sa gaba idan ya miƙe.

Daga Kano layin yana ratsa arewacin Jigawa da Yobe, ya yanki kusurwar Jamhuriyar Nijar wajen Tafkin Chadi, ya keta ƙasar Chadi ta arewacin N'Djamena, sannan ya shiga Sudan. A cikin Sudan yake tsallake Kogin Nilu a arewacin Khartoum, ya fita ta gaɓar Bahar Maliya, daga nan sai Jidda. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na dukkan tafiyar a sararin samaniyar Sudan ake yin ta. A riƙe wannan, domin nan ne tushen labarin ƙarin awannin da aka samu.

Kano ta fi wasu garuruwan Najeriya kusa da Saudiyya, wasu kuma sun fi ta. Daga Maiduguri zuwa Jidda kimanin kilomita 3,000 ne, daga Sakkwato kimanin 3,700, daga Legas kuma kimanin 4,200. Wannan bambanci yana fitowa fili a kuɗin kujera. A Hajjin 2025, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta sanya kimanin naira miliyan 8.33 ga maniyyatan shiyyar Borno da Adamawa, miliyan 8.46 ga sauran jihohin Arewa, da miliyan 8.78 ga jihohin Kudu. Masauki da hidimar Mina da Arfa ba su san daga inda alhaji ya fito ba. Tsawon hanyar jirgi ne ya raba kuɗin gida uku.

Daga kilomita zuwa awa

Manyan jiragen fasinja suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya idan sun daidaita a sama, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Idan aka raba 3,420 da wannan gudu, za a samu kusan awa huɗu. Amma jirgi ba ya kai wa ga cikakken gudunsa sai ya gama hawa, kuma yana rage gudu tun da sauran nisa kafin ya sauka. Sannan hanyoyin sama suna da tashoshinsu da kwanoninsu, ba a miƙe sak suke ba. Idan aka haɗa da tafiyar da jirgi ke yi a kan titi kafin tashi da bayan sauka, tafiyar kai-tsaye ta kan kama awa huɗu da rabi zuwa kusan biyar. Wannan shi ne lissafin lokacin da hanyar Sudan take a buɗe.

Iska ma tana da nata rabon. A lokacin hunturu, iskar da ke can sama a kan Sahara da Bahar Maliya daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, sai ta tura jirgin da ke tafiya Jidda, ta danne mai dawowa Kano. A tsakiyar damina lamarin yana juyawa a saman yankin Sahel da Sudan, inda iskar ke tahowa daga gabas. Shi ya sa zuwa da dawowa ba kasafai suke zama daidai ba, kuma mai Umara a watan Janairu da alhajin da ya tafi a watan Yuni za su iya samun bambancin mintoci masu yawa a kan hanya ɗaya.

Sai kuma batun agogo, wanda ya fi komai rikita 'yan rakiya. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma a tikiti ana rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka da agogon garin da aka sauka. A ɗauka jirgi ya bar Kano ƙarfe 10:00 na dare ya yi awa huɗu da rabi a sama. A agogon Kano ƙarfe 2:30 na dare ya sauka, amma tikiti zai nuna 4:30 na asuba. Wanda bai lura ba zai ɗauka tafiyar awa shida da rabi ce. A dawowa kuma, jirgin da ya bar Jidda ƙarfe 10:00 na safe zai sauka Kano wajen 12:30 na rana, sai a ga kamar awa biyu da rabi kacal aka yi.

Wannan awa biyu ba tsarin hukuma kaɗai ba ne. Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin digiri 30 daga yamma zuwa gabas, kuma rana tana ɗaukar minti huɗu kafin ta ƙetare kowane digiri. Ke nan idan aka kira azahar a Makka, Kano na da sauran kusan awa biyu kafin rana ta karkata.

Hanyar da kakanni suka taka

Kafin jirgin sama, ana lissafin wannan hanya da shekaru ne. Mai niyyar Hajji daga ƙasar Hausa zai bi ta Borno, ya shiga Wadai, ya ratsa Darfur ta El Fasher, ya wuce El Obeid da Khartoum, har ya kai Suwakin ko Port Sudan a bakin Bahar Maliya, inda zai shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa suna tafe suna noma ko ƙwadago domin haɗa guzurin zango na gaba. Wasu sun je sun dawo bayan shekaru, wasu sun rasu a hanya, wasu kuma sun zauna. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wanda ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi.

Masu hali sun fara neman wata hanyar tun farkon zamanin Turawa. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi Hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Hanya ce mai nisan gaske a taswira, amma ta fi ta ƙasa sauri nesa ba kusa ba.

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano ma hanyar alhazai suka biyo, sai dai daga gabas suka taho. Jirage uku ne na rundunar sojan saman Birtaniya ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Sun tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, 1925, suka riƙa yada zango a Khartoum da El Fasher da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, da Maiduguri, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. Tafiyar da jirgin EgyptAir ke yi a cikin 'yan awanni ta ɗauke su kwana shida.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Khartoum da Kano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau suna biyowa ta Kano a kan hanyarsu ta zuwa Masar. Bayan yaƙin, Kano ta zama wurin shan mai ga jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka. A 1948 kuma wasu attajiran Kano, ciki har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda ta fara da manyan motoci ta hanyar Sudan kafin harkar ta koma sama. A cikin rayuwar mutum ɗaya, tafiyar shekaru ta koma ta watanni, ta watanni ta koma ta awanni.

Awannin da yaƙin Sudan ya ƙara

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, faɗa ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo. Filin jirgin saman birnin na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, an lalata jirage da dama a ƙasa, har da na kamfanin Saudia. Nan take aka rufe sararin samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyatan Najeriya, waɗanda aka ba kujera 95,000 a shekarar.

Jirgin da ba zai ratsa Sudan ba zaɓi biyu gare shi. Ko dai ya yi arewa ya ɓullo ta Masar, ko ya yi kudu ya zagayo ta gabashin Afirka ya haura ta Habasha. Kowace ya ɗauka, tafiyar da ba ta kai awa biyar ba ta koma awa shida zuwa bakwai.

Ƙarin awa biyu a sama ba ƙaramin kuɗi ba ne. Jirgi ƙirar Boeing 747-400, irin wanda kamfanin Max Air ya daɗe yana jigilar alhazai da shi, yana ƙona kimanin tan goma na mai a kowace awa. Kuma a jigilar Hajji, jirgin da ya kai maniyyata yawanci fanko yake dawowa, wanda zai kwaso alhazai bayan Arfa kuma fanko yake tafiya. Ke nan kowane rukunin alhazai sawu huɗu ake yi dominsu, kuma duk awar da ta ƙaru sau huɗu ake biyan ta. Wannan ne ya sa kamfanonin jiragen Najeriya suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci a 2023. Bayan tattaunawa da rangwamen wasu haraji daga gwamnati, an cire dala 100 daga guzurin kowane alhaji domin cike giɓin. Tsohuwar da ta sayar da gonarta a Kano ta biya wani kaso na kuɗin yaƙin da ake yi a Khartoum, ba tare da ta san sunan ko ɗaya daga cikin janarorin ba.

Bayan kuɗi akwai lissafin sawu. Jirgin da ke zuwa ya dawo cikin awa tara ko goma, idan aka haɗa da lokacin sauke fasinja da shan mai, zai iya yin sawu ɗaya a rana har a samu rara. Idan zuwa da dawowa suka koma awa goma sha uku ko sha huɗu, rarar ta tafi. Matuƙa da ma'aikatan jirgi kuma suna da iyakar awannin da doka ta yarda su yi aiki kafin su huta. Jinkirin awa uku a sawu ɗaya sai ya ture na gobe, na gobe ya ture na jibi, maniyyata su yi ta kwana a sansanin alhazai suna jiran kira.

A watan Agustan 2023 Sudan ta buɗe sararin samaniyar gabashinta wajen Port Sudan. Amma mai tahowa daga Kano ta yamma yake shiga ƙasar, inda yaƙin ya fi muni. El Fasher, tsohon zangon alhazai da jiragen 1925, ta faɗa hannun RSF a watan Oktoban 2025 bayan doguwar ƙawanya.

Kai-tsaye ko yada zango

Mai Umara da ɗan kasuwa ba su da jirgin hukuma, su ke zaɓar tikitinsu, kuma sau da yawa mafi araha shi ne mai yada zango. A nan ma lissafin nisa yana taimakawa.

Ta Alƙahira, kimanin kilomita 3,100 ne daga Kano, sai wasu 1,200 zuwa Jidda, jimilla kimanin 4,300. Ta Addis Ababa da jirgin Ethiopian Airlines, kimanin 3,300 da 1,400, jimilla sama da 4,700. Ta Doha da jirgin Qatar Airways, wanda ya fara zuwa Kano a watan Maris na 2022, matafiyi zai wuce Saudiyya gaba ɗaya sannan ya dawo baya, abin da ya haura kilomita 6,000. Duka waɗannan alƙaluma na miƙaƙƙen layi ne, kafin a ƙara zagayen da rufe wata hanya ke jawowa.

Sai dai abin da ya fi cin lokaci a irin wannan tafiya shi ne zaman jira tsakanin jirgi da jirgi. Tikiti biyu masu farashi kusan ɗaya za su iya bambanta da awa goma, domin ɗaya jiran awa biyu ne, ɗaya kuma sai an kwana. Gajeren jira ma yana da nasa haɗarin: idan jirgin farko ya makara da awa ɗaya, na biyu ya tafi, ko fasinja ya samu shiga amma jakarsa ba ta samu ba. Wanda ya sayi sawun biyu a tikiti ɗaya, kamfani ne zai nema masa wani jirgin. Wanda ya saya daban-daban domin neman sauƙi, asarar a kansa take.

Ga matashi mai jaka ɗaya, rangwamen da zai samu na iya biyan wahalar. Ga dattijo mai ciwon suga ko mai buƙatar keken guragu, yini guda a kan kujerar filin jirgin da ba a jin yarensa wani lissafi ne daban, kuma ya kamata iyali su yi shi kafin su biya.

Awannin da ba a rubuta a tikiti

Daga Soron Ɗinki zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano bai kai kilomita goma ba. Amma tsakanin fitowa daga gida da tashin jirgi, maniyyaci na iya shafe lokacin da ya fi na tafiyar kanta. Ga fasinjan ƙasa da ƙasa, ƙa'ida ita ce a iso awa uku kafin tashi. Ga maniyyacin hukuma, kiran farko zuwa sansanin alhazai ne, inda za a raba fasfo da guzuri, a auna kaya, a tantance, sannan a kwashe su zuwa filin jirgi.

Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma akwai hazo. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi takan rufe Kano har matuƙi ya kasa hango titin sauka. A irin wannan rana ana jinkirta tashi, ana soke wasu jiragen, wasu kuma a karkatar da su Abuja ko wani gari. Tunda watannin Musulunci suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, azumi ya riga ya fara shiga ƙarshen hunturu, kuma a shekaru masu zuwa Umarar Ramadan za ta ƙara faɗawa tsakiyar lokacin hazo.

A can ma sauka ba ita ce isowa ba. Filin jirgin Jidda, wanda aka buɗe a 1981, yana da sashe na musamman na alhazai mai rufi kamar tantuna, inda dubban mutane daga ƙasashe daban-daban ke bin layin shige da fice a lokaci guda. Daga nan zuwa Harami kusan kilomita 100 ne a mota. Wanda ya sauka Madina kuma yana da tafiyar sama da kilomita 400 zuwa Makka bayan ya gama ziyara, awa biyar zuwa shida a bas idan hanya ta yi kyau. Jirgin ƙasa mai sauri na Haramain, da aka ƙaddamar a 2018, yana cinye wannan tazara cikin kimanin awa biyu da rabi, amma jigilar alhazan jihohi a bas ake yin ta.

Saudiyya tana da wani tsari da ake kira Hanyar Makka, inda jami'anta ke tantance alhazai tun a ƙasarsu, su sauka su wuce masauki ba tare da layi ba. Ƙasashe irin su Malesiya, Indonesiya, Pakistan, Maroko da Kwaddibuwa suna ciki. A Hajjin 2025 Najeriya ba ta cikin jerin.

Idan aka tara duka, tafiyar da tikiti ya ce awa biyar ce ko shida tana iya kai awa goma sha biyar zuwa ashirin daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki, ko da babu wata matsala.

Kuma akwai ranar da ba ta ɗaguwa. Saudiyya tana rufe karɓar jiragen alhazai a ranar 4 ga Zulhijja. A 2022, shekarar da aka dawo Hajji bayan annobar korona, jigila ta yi ta jan ƙafa har wa'adi ya cika, maniyyata kimanin 700 daga Jihar Kano ba su samu tafiya ba, NAHCON ta fito ta ba da haƙuri. A lokacin hanyar Sudan a buɗe take. Awa huɗu da rabi ce kawai ta raba su da Jidda, amma babu jirgin da zai ɗauke su a kan lokaci.

Duk da haka, ba kowane jinkiri ne abin ƙi ba. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin haya ƙirar DC-8 da ke ɗauke da alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato a madadin Nigeria Airways ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashi, mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna an tashi da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba, domin gudun ɓata lokaci. Kano ma ba ta manta da ranar 22 ga Janairu, 1973 ba, lokacin da jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 da aka karkato daga hanyar Legas saboda rashin kyawun yanayi ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Idan injiniya ya ce a dakata a duba jirgi, ko matuƙi ya ce sai hazo ya washe, wannan jinkiri ne da ya kamata a yi haƙuri da shi. Wanda ya cancanci a tuhumi hukuma da kamfani a kansa shi ne na rashin jirgi da rashin tsari.

Abin da matafiyi zai yi da wannan lissafi

Na farko, harami. Mafi yawan maniyyatan hukuma a 'yan shekarun nan Madina ake fara kai su, su ɗauki harami a Zul-Hulaifa, wato Abyar Ali, ranar da za su wuce Makka. Mai sauka Jidda da niyyar wucewa Makka kai-tsaye kuwa, akasarin malamai suna cewa ya yi niyya a cikin jirgi idan ya zo daidai da miƙati, ko da yake akwai masu ganin halaccin ɗauka daga Jidda. Miƙatin da jirgi zai daidaita da shi ya danganta da hanyar da ya biyo, ta arewa wajen Juhfa ko ta kudu wajen Yalamlam. Jirgin da ke cinye kilomita 14 a minti ɗaya ba ya jiran mai neman wurin canza kaya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi wanka a sa tufafin harami tun daga Kano ko filin da aka yada zango, a saurari sanarwar ma'aikatan jirgi, kuma a tambayi malamin bita tun kafin ranar tafiya.

Na biyu, salla da azumi. Mai tafiya gabas yininsa yana gajarcewa da awa biyu, mai dawowa yamma nasa yana ƙaruwa da awa biyu. Mai azumi a cikin jirgi da faɗuwar rana a inda yake zai sha ruwa, agogon Kano ko na Makka ba su ne ma'auni ba. Daga sama kuma ana ci gaba da ganin rana bayan ta faɗi ga mutanen ƙasa.

Na uku, lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana ninkawa idan mutum ya zauna wuri ɗaya awa huɗu ko fiye, duk da cewa haɗarin ƙarami ne ga mai cikakkiyar lafiya. Tafiyar Kano zuwa Jidda ta wuce wannan iyaka ko ta wace hanya aka bi. A riƙa miƙewa ana ɗan takawa, a motsa ƙafa, a sha ruwa. Tsofaffi da yawa suna ƙin shan ruwa don gudun shiga banɗakin jirgi, kuma wannan yana ƙara musu wahala. Mai shan maganin suga ko hawan jini ya sa shi a jakar hannu tare da ɗan abin taɓawa, ya kuma tambayi likitansa yadda zai daidaita lokacin sha da sabon agogo.

Na huɗu, 'yan gida. A cire awa biyu daga lokacin saukar da ke kan tikiti domin a san ƙarfe nawa ne a Kano, sannan a ƙara wasu awanni na tantancewa da neman layin waya kafin a fara damuwa. Shirun awa uku ko huɗu bayan lokacin sauka abu ne da aka saba gani.

Kafin a biya kuɗin tikiti, tambayoyi uku sun isa su fayyace tafiyar: ta wace hanya jirgin zai bi, awa nawa ne jiran zango, kuma Jidda za a sauka ko Madina. Kamfanoni za su iya ƙara jirage, hukumomi za su iya rage zaman sansani da layin tantancewa, kuma a kan waɗannan ne ya kamata a riƙa bibiyar su kowace shekara. Awa biyun da zagaye ya ƙara wa alhazan Kano kuwa ba sa hannun NAHCON ko wani kamfani. Za su dawo ne ranar da aka ajiye makamai a Sudan, jiragen fasinja suka sake samun amincin ratsa samaniyar Darfur.